Yadda ake ɗinke hotunan cikin ido su zama hoto guda mai faɗi

Kyamarar ɗaukar hoton cikin ido da aka fi samu a asibitoci digiri 30 zuwa 50 kacal take kamawa a ɗauka ɗaya, alhali ɓarnar da sikila ke yi wa tantanin gani, wato ratina, daga gefe take farawa. Na'urar Optos tana kama kusan digiri 200 lokaci guda, sai dai tana da ɗan karen tsada. Shi ya sa ma'aikacin ido a Gusau ko Talata Mafara zai ɗauki hotuna da yawa, ya bar wa kwamfuta ɗinkin.

A gaban kyamara ake cin nasarar aikin ko a ɓata shi. A ɗiga maganin buɗe ido, a jira kamar minti 20 zuwa 30, a kuma goge gilashin kyamara, musamman lokacin hunturu, domin ƙwayar ƙura ɗaya za ta fito a wuri guda cikin kowane hoto, kwamfuta ta ɗauke ta alamar ido. A fara da hoton tsakiya, wanda ya kama kan jijiyar gani, sannan a ce wa majiyyaci, "Baba, dubi sama," ko "Inna, dubi dama," ana ɗauka. Sharaɗin da bai kamata a sassauta ba shi ne kowane hoto ya hau kan maƙwabcinsa da kamar kashi ɗaya cikin uku. Misali, wani tsohon tsari na haɗa hotuna bakwai masu digiri 30 kowanne yana ba da faɗin kusan digiri 75.

Daga nan sai a loda hotunan cikin manhaja. Manhajojin Fiji da Hugin duk kyauta ne. Idan akwai zaɓi, a ware launin kore kaɗai daga cikin launukan da suka haɗa hoton a yi amfani da shi, domin a nan jijiyoyin jini suka fi fitowa. Manhajar tana neman alamomi, galibi inda jijiya ta yi reshe, ta gwama na wannan hoto da na wancan, sannan dabarar RANSAC, wadda aka wallafa tun 1981, ta watsar da gwamin da bai dace ba. Da yake ratina a lanƙwashe take kamar cikin ƙwarya, matsar da hoto da juya shi ba su isa ba, sai an ɗan lanƙwasa shi. Idon da ke da yana yakan gagari manhaja, sai a sa alamomin da hannu.

Bayan an daidaita haske a bakin ɗinki, a ƙara girman hoton, a bi babbar jijiya daga tsakiya zuwa gefe. Idan ta karye ko ta fito biyu, a sake ɗinkin. A tura wa likita hoton haɗe da na asali, domin gaurayawar gefuna tana iya dusashe ɗan ɗigon jinin da ya faɗo daidai kan ɗinki.