Yadda ake saita sarƙar Yamaha MT-07 ba tare da an ɓata boris ba

MT-07 babur ne maras rufin jiki da Yamaha ta fitar a 2014. Injinsa silinda biyu ne mai cc 689, nauyinsa da mai a ciki ya ɗan haura kilo 180. Fistin ɗinsa biyu suna bugawa ne a tazarar digiri 270, shi ya sa yake fizga da ƙarfi tun daga ƙasa, kuma sarƙa ce take shan wannan fizgar. Duk wanda ya saba da ƙaramin babur, hannunsa ya saba da ɗaure sarƙa tamau. A nan ake yin ɓarna.

Ka kafa babur a kan jak ɗin gefe, a wuri mai shimfiɗe, giya a firi, babu kowa a kai. Kafin ka auna, tura shi gaba kaɗan-kaɗan kana taɓa sarƙar har ka gano inda ta fi tauri. Sarƙa ba ta cinyewa daidai ko'ina, don haka a wurin da ta fi tauri ake awo.

Yanzu awon kansa. Adadin da littafin babur ɗin ya bayar shi ne milimita 51 zuwa 56, amma ba wasan sarƙa sama da ƙasa ake nufi ba. Akwai robar kariya a ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Daidai ƙarshen wannan robar za ka danna sarƙar ƙasa da yatsa, sannan ka sa rula daga robar zuwa tsakiyar sarƙar. Wannan tazarar ce 51 zuwa 56. Masu koyo sukan ga sarƙar ta yi musu sako-sako a ido, sai su ƙara ɗauri. Kada ka yi. Idan ka hau babur, shokazoba ta nutse, tayar baya tana ɗan nisanta daga injin, sarƙar kuma ta ƙara miƙewa da kanta. In babu sarari, duk wannan jan yana komawa kan boris ɗin da ke bayan ƙaramin faifan haƙori na gaba da sil ɗinsa, wato robar da ke hana mai fita. Sai mai ya fara ɗiga, kuma canjin wannan boris sai an buɗe inji. Gara ta ɗan yi sako da ta yi tauri. Samfurin kowace shekara yana da littafinsa, ka duba adadin naka kafin ka taɓa noti.

  Sarƙa ba tsirkiyar garaya ba ce, ba a ja ta sai ta yi ƙara.

Sassauta babban notin tayar baya, kada ka cire shi. Sassauta ƙananan notocin kulli na ɓangarorin biyu, sannan ka riƙa juya na saiti rubu'in zagaye a kowane juyi, dama da hagu daidai wa daida, kana sake awo bayan kowane juyi. Akwai zane-zanen layi a gefen ƙarfen. Dole su zo ɗaya a ɓangarorin biyu, in ba haka ba taya ta karkace, haƙora su cinye ta gefe guda. Ɗaure babban notin da Nm 105, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Tana da ɗan tsada, amma ɗaurin ƙiyasi ba ya aiki a kan taya mai faɗin milimita 180. Bayan ɗauri ka sake awo, domin sarƙa takan ƙara tauri a lokacin.

Sarƙar mai zoben roba ce, lamba 525. Kananzir da buroshi mai laushi kawai, ban da fetur, ban da ruwan matsi. Ka goge ta bushe, ka sa man sarƙa ta ciki, duk kilomita 1,000 da kuma bayan wanki ko ruwan sama. Kada ka taɓa yin wannan inji yana kunne.