Yadda na gyara ɗigon da ya hana a karɓi hotunana

Shafin sayar da hotuna ya ƙi hotunan tulin gujiya da na ɗauka a babbar kasuwar Maraɗi, saboda ɗige-ɗige a sararin sama. Ƙurar hunturu ce ta lafe a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, lokacin canjin gilashin kyamara.

Don in tabbatar, na sa f/16, wato na tsuke ƙofar shigar haske, na ɗauki farin bango, na buɗa hoton zuwa 100% a kwamfuta, sai ga su nan, wuri guda a kowane hoto. Na cire gilashin, na ɗaga madubin ciki da ke gaban sensar, na kifa kyamarar, na hura da ɗan famfon roba sau shida. Kada a hura da baki, yawu ya fi ƙura ɓarna.

Tsofaffin hotunan kuwa, na goge ɗigon a Lightroom, manhajar gyaran hoto, na sake turawa.