Yadda ake zaɓen akori-kura ta hannu da za ta ja tirela

Idan ka shiga wajen masu sayar da motoci a Titin Zariya ko hanyar Maiduguri a Kano ka ce akori-kura kake nema, abin da dillali zai fara nuna maka shi ne ƙyallin fenti da sanyin ciki. Ga mai neman motar zuwa ɗaurin aure, wannan ya wadatar. Amma kai da za ka ƙulla mata ƙaramar tirela ta ja tankin ruwa zuwa wurin gini, ko masara daga Dawanau, ko shanu daga kasuwar Wudil, abin da kake nema yana ƙarƙashin motar ne, sai ka shimfiɗa kwali ka kwanta za ka gan shi.

Tun kafin ka bar gida, yi lissafin abin da za ka ja. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 2,000 tan biyu ne cif, haka ma buhu 20 masu kilo ɗari-ɗari. Sai ka ɗora nauyin ita kanta tirelar, wadda masu waldarmu ba sa yi mata rowar ƙarfe. Kada ka yi kintace. Wasu kamfanoni a Sharaɗa da Bompai suna da sikelin manyan motoci, ka roƙa a auna maka ita babu kaya, ka rubuta.

Da wannan lissafin a aljihu za ka tunkari mota. Kowace akori-kura tana da iyakar da kamfanin da ya ƙera ta ya yanka mata, yana cikin littafinta, kuma sunan mota kaɗai ba ya gaya maka shi. Ɗauki Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2015 da ake shigowa da ita daga Amurka: mai silinda shida da ta fito da kayan ja daga kamfani tana jan fam 6,500, wajen kilo 2,950 ke nan, amma mai silinda huɗu fam 3,500 ne iyakarta, bai kai kilo 1,600 ba. A ido kuwa kamar tagwaye. Hilux ma haka: wasu masu dizal daga 2015 zuwa sama an ba su har kilo 3,500, amma mai fetur 2.7 da ta cika garin nan ba ta kai nan ba. Kuma duk waɗannan manyan alƙaluma sai in tirelar tana da birkinta. Wadda ba ta da birki, kilo 750 ne iyakar da aka saba rubutawa a motocin Turai, kuma yawancin tirelolin da ake haɗawa a gida ba su da shi. Ni dai shawarata, ka bar ratar kashi ɗaya cikin biyar tsakanin kayanka da iyakar motar.

Akwai abin da mutane ke mantawa. Kusan kashi goma cikin ɗari na nauyin tirela a kan ƙugiyar baya yake sauka, kamar ka ɗora buhu biyu ko uku a can ƙarshen bodi. Wanda ya cika bodi da siminti, ya zuba lebura biyar, sannan ya ƙulla tirela, gaban motarsa zai ɗaga, sitiyari ya yi sakayau, birkin gaba ya rage kamu.

Yanzu sai shasi, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali zai kira maka ba, ku riƙe tocila da ƙaramar guduma. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, gishiri ake watsawa a titi, shi kuwa gishiri ƙarfe yake ci daga ciki. Ba ƙaramin al'amari ba ne: a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin Tacoma, Tundra da Sequoia na wasu shekaru. Irin waɗannan motoci ba duka aka gyara ba, wasunsu jirgi suka hau.

Na taɓa raka wani ɗan uwana duba wata farar mota, tas da ita kamar ba a taɓa hawa ba. Bakaniken ya shige ƙarƙashi yana ƙwanƙwasa shasin daga gaba, ƙarfe yana amsawa ƙal-ƙal. Da ya iso daidai inda sifirin na baya ya kama, sai sautin ya koma dum, ɓawon tsatsa ya zubo masa a fuska, baƙin fentin da aka fesa ko wari bai daina ba. Ya fito yana kakkaɓe gemu ya ce, “Alhaji, wannan ta kai amarya, amma ba ta kai tirela ba.” Dillalin ya ce ai walda za ta gyara. Muka yi masa sallama.

Motar da aka yi aiki da ita a nan gida, tsatsa ba ta cika damunta ba, lodi ne ke kashe ta. Ka koma gefe ka dubi ratar da ke tsakanin kan motar da bodi. In sama ta fi ƙasa buɗewa ko matsewa, shasin ya taɓa lanƙwasa. Ka ƙirga ganyen sifirin ɓangaren dama da hagu. Wanda aka ƙara wa ganye, shaida ce mai ita ya daɗe yana ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ƙugiyar ja kuwa, a jikin shasi ake ɗaure ta da manyan kusoshi. In ka ga an like ta da walda a jikin bamba, ka sa kuɗin sabuwa cikin lissafinka. Ka auna ƙwallon ƙugiyar ma: na Turai milimita 50 ne, na Amurka inci biyu, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. A tabbatar da wurin maƙala sarƙar tsaro da soket na fitilun tirela.

Daga nan sai zafi, wanda shi ne ajalin injin da ke ja a garin da Afrilu ke haura digiri 40. Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da motar kafin ka zo, ka taɓa injin da hannunka ka ji sanyi. Buɗe murfin lagireto tun tana sanyi, sannan a tayar. In kumfa na ta ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, gasket ɗin kan injin ya tafi. In giyar atomatik ce, zaro sandar man giya in tana da ita: ja-ja ake so, ba baƙi mai ƙaurin ƙuna ba, kuma ka nemi ƙaramin lagireton da ke sanyaya man giyar. In ta hannu ce, ka sa babbar giya kana tafiya a hankali ka take totur. Injin ya yi kuka mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya gama.

Dizal ko fetur? Dizal ya fi ƙarfin fizgar kaya daga tsaye, sai dai injektocinsa ba sa haƙuri da gurɓataccen mai, kuma gyaransu na da tsada. Kafin ka yanke hukunci, ka leƙa Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin famfon ruwa, kuloci da birkin motar da ka sa wa ido. Wadda aka ce “sai an aiko daga Legas”, ka sake tunani.

Taya ba ta buƙatar dogon bayani. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefenta su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ka nemi mai alamar LT ko C, ta ɗaukar kaya. Takardu ma haka: lambar shasi mai harufa da lambobi 17 ta yi daidai da ta takardar kwastam, kuma ka guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama.

Gwaji na ƙarshe shi ne da kaya. Ka zo da tirelarka a lode, ku hau Eastern Bypass, idonka na kan allurar zafi. Ka taka birki inda babu kowa a bayanka, ka ji ko tirelar na tura motar ko tana kaɗa mata gindi. Ka tuna Kano shimfiɗaɗɗiya ce, tana rufa wa raunanan motoci asiri. Allurar da ta ɗan motsa a nan, a hawan hanyar Jos bayan dajin Falgore ja za ta taɓa. Wasu dillalan za su ce ba a gwada musu mota da kaya. Ka ce za ka zuba mai, ka biya yaron da zai bi ku. In har yanzu an ƙi, ka naɗe kwalinka ka tsallaka gareji na gaba.