Yadda Zaka Gwada Iska Da Ƙarar Fankar Kwamfuta Da Kanka

Duk mai kwamfutar tebur a Garwa ko Marwa ya san abin da watan Maris da Afrilu ke yi mata, ɗaki ya haura digiri 40, ƙurar hunturu ta riga ta cika ciki, sai kaji fanka na kuka ita kuma na'urar tana ta nauyi. Kafin ka kashe sefarka kan sabuwa, gwada wadda kake da ita tukuna. In ma sabuwar ka saya ka gwada ta, don lambobin da ke jikin kwali an auna su ne da fankar a fili babu abin da ya tare ta, ba cikin akwatin ka ba.

Fara da shara. Cire wuta, buɗe gefen, sa yatsa ka riƙe fukafukan kada su juya, ka goge su da buroshi mai laushi, ka share ragar gaba da ƙarfen sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Gwaji a kan fanka mai datti ɓata lokaci ne.

Sai ka duba ina take hura iskar. Wasu suna da kibiya a gefe, in babu to iska na fita ne ta ɓangaren da sitika da sandunan da ke riƙe injin suke. Kunna turaren tsinke ka kai kusa, hayaƙin zai nuna maka komai. Na gaba su jawo, na baya da na sama su fitar. Da yawa matsalarsu kenan kawai, an ɗaura fanka ta juye.

Yanzu gudu. Shiga BIOS (shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta) ko ka sauke manhajar HWiNFO ka ga RPM, wato sau nawa take juyawa a minti ɗaya. Fanka mai fil 4 a filoginta ana rage mata gudu da PWM, wato siginar da kwamfuta ke aika mata ta fil na huɗu, mai fil 3 sai dai a rage mata wuta ƙasa da volt 12 ɗinta. Ka tsayar da ita a rabin gudu ka rubuta, sannan a cikakken gudu, kada ka bar ta tana hawa da sauka kana awo.

Awon iska shi ne inda mutane ke tsoro alhali ba wuya. In ka samu ƙaramin ma'aunin gudun iska, auna a wurare huɗu ko biyar a fuskar fankar banda tsakiya, don tsakiya kusan babu iska, ka fitar da matsakaici. Faɗin da iska ke bi a fanka mai milimita 120 kusan murabba'in mita 0.01 ne, toh in ka samu mita 2 a daƙiƙa sai ka ninka da 0.01 ka sake ninkawa da 3600, ya baka kubik mita 72 a awa, wajen CFM 42 kenan (CFM na nufin kubik ƙafa a minti) tunda CFM ɗaya kusan kubik mita 1.7 ne a awa. In babu ma'auni, nemo babbar leda wadda ka san lita nawa take ci, matse iskar ciki, ka manne bakinta da fankar da salatif ka kunna agogon waya. Leda mai lita 100 da ta cika a daƙiƙa 5 lissafin ɗaya ne da na sama. Ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba amma wajen gwada fanka biyu ya wadatar.

Ƙara kuma tana son shiru, don haka bari sai dare ya yi, janareta ya mutu, masu babur sun ragu, ka kashe fankar ɗaki. Sa manhajar auna desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) a waya, ka fara auna ɗakin shi kaɗai. Sannan ka aje wayar santimita 30 daga fankar, a gefe ba inda iska ke bugun makirfo ba, kuma kada nisan ya canza ko kaɗan tsakanin gwaji da gwaji saboda in ka ninka nisa lambar na sauka da kusan desibel 6. Ƙarin desibel 10 kunne na jin sa kamar ninki biyu. Kuma don Allah ka saurara da kunnenka, in kaji ƙas-ƙas ko gurnani to barin ɗin da fankar ke juyawa a kai ne ya ci ko wayar wuta na taɓa fukafuki, wayar salula ba zata gaya maka wannan ba.

Ni dai gwajin da na fi yarda da shi shi ne na ƙarshe. Rufe akwatin, kunna Cinebench ko OCCT (manhajojin da ke sa furosesa aiki tuƙuru) na minti 15, ka rubuta zafin furosesa sannan ka cire zafin ɗakin daga ciki. In furosesa na 80 ɗaki na 38, lambarka 42 ce, ita zaka kwatanta, in ba haka ba fankar da ka gwada da asuba zata ci wadda ka gwada da azahar ba da haƙƙinta ba. In fanka biyu sun zo kusa da juna a wannan lambar, ɗauki wadda ta fi shiru. In zafin ya doshi 95 tsayar da gwajin, ka duba man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa ko ya bushe.