Idan aka ba ku hayar tsohon gidan dutse a Ingila

'Yan uwa masu shigowa yankin Bradford karatu ko aikin jinya, dan Allah kafin ku sa hannu a takardar haya ku tambaya ko gidan yana cikin gine-ginen da hukuma ta sa wa kariya. Ni a Saltaire na fara zama, unguwar da wani attajiri Titus Salt ya gina wa ma'aikatan masaƙarsa a bakin kogin Aire, masaƙar ta fara aiki a 1853 zamanin Sarauniya Victoria, kuma tun 2001 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ƙananan gidaje ne a jere jikin juna, dutse zalla, rufin falalen dutse sirara, ga bututun hayaƙi a sama, wallahi in rana ta haska su da yamma sai ka tsaya kallo.

To amma wannan kyan da doka a kansa. Akwai jerin gine-ginen da aka sa wa kariya da Historic England, hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, ke riƙe da shi a intanet, kyauta ne, ka sa adireshin ka gani. Mataki uku ne, mafi yawa suna na ƙasa wanda suke kira Grade II, kar wannan ya ruɗe ku, dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990 ta hau kan gidan ciki da waje. Ko mai gidan bai isa ya cire tagar katako ya sa ta roba ba sai kansil ta ba shi izini a rubuce, balle kai ɗan haya. Kafa dish a bango, huda dutse, fasa murhun falo, shafa wa dutsen waje fenti, duk kar ku fara, laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, akwai tara har da ɗauri.

Abin da ya fi damuna dai shi ne danshi, dan nan ne mutanenmu ke shan wahala. Bangon nan dutse ne cike ba rami a tsakiya irin na ginin zamani, kuma da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗaure shi ba siminti ba, shi ya sa yake shan lema ya kuma fitar da ita. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san zancen, ka ga an yaɓe katangar tubali da siminti ta yi kyau shekara biyu, ashe ciki na jiƙa, ran nan sai ta ɓaɓɓako gaba ɗaya, to haka dutsen nan yake, numfashi yake so. Mu kuma sanyi na shigowa sai mu toshe ko'ina, a ɗora tuwo da miya tururi ya cika gida, a shanya wanki kan hita, da safe gilashi na zubar da ruwa, kafin wata guda fumfuna baƙa ta kama bayan wadrob, yara su fara tari. Na yi wannan kuskuren a hunturuna na farko, takalmana da jakar matata duk sun lalace. Ku riƙa ɗaga taga ko minti goma ne safe da yamma, tagogin zamewa suke sama da ƙasa, in kun buɗe duka biyun kaɗan iska mai ɗumi ta fita ta sama sabuwa ta shigo ta ƙasa. Hita kuma gara a bar ta a ƙasa-ƙasa ta daɗe da a ƙure ta awa ɗaya a kashe. Kaya ku ɗan janye su daga jikin bango.

Matakalar bene tsaye take kuma siririya, ku auna kafin ku sayi gado.

Mata kuma, turaren wuta da gawayi a ɗaki rufe haɗari ne sosai, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, ku sayi kaskon lantarki. Ruwan alwala ma a yi shi a baho, daɓen sama katako ne, in ya jiƙa silin ƙasa yake sauka. Ranar da kuka karɓi makulli ku ɗauki hoton kowane lungu, tabo da tsagewa, ku tura wa mai gidan ta imel, ranar tashi zai taimaka muku wajen karɓo kuɗin ajiyarku.