Aman jini da baƙin bayan gida: abin da iyali za su yi

Jinin da ke zuba a cikin ciki ba kullum yake fitowa ja ba, kuma a nan ne mutanenmu na karkara suka fi ruɗuwa. Wani lokaci yakan zo a amai, ja ko baƙi-baƙi mai guggubi. Idan kuwa ya bi hanji, bayan gida yakan fito baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da wari. Jan jini a bayan gida yawanci basir ne ko atuni, amma ga wanda ya haura shekara 50 ko yake ramewa, kada a yanke hukunci a gida, domin dajin hanji ma haka yake somawa.

Babban sanadi shi ne gyambon ciki, wanda wata ƙwayar cuta ke haddasawa, ko magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da asfirin. Abin da ya fi damuna shi ne manomin da zai dawo daga gona a gajiye, ya sayi haɗin ƙwayoyi a kemis ko wurin mai talla ranar kasuwa, ya riƙa sha kullum cikinsa wayam. Ciwon hanta nau'in B, da tsargiyar hanji da ake ɗauka a ruwan noman rani, kamar na Kura da fadamar Haɗejiya, suna kumbura jijiyoyin hanyar abinci har su fashe.

Idan abin ya faru, a kwantar da majiyyaci ta gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ba shi abinci, ko kanwa, ko jiƙo. A nemi mota nan take, ko da jinin ya tsaya, musamman idan akwai jiri, gumi mai sanyi, ko idonsa ya yi fari. A tafi da kwalayen magungunan da yake sha, domin maganin ƙarin jini na masu juna biyu ma yana baƙanta bayan gida, sannan a tafi da 'yan'uwa masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini.

A asibiti za a auna yawan jininsa, a sa masa ruwa ko jini, a yi masa allurar omeprazole, maganin gyambon ciki. Idan an tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don a zura na'ura mai kyamara ta baki, ku daure ku je, domin da ita ake ganin inda jinin ke fitowa, sau da yawa ma a tsayar da shi. Bayan sallama a shanye maganin gyambon har ƙarshe, ciwon jiki kuma a tsaya ga farasitamol.