Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta bayanin mambobin enum

Sau da yawa mai rubuta manhaja yakan yi wa enum (ƙayyadadden jerin ƙimomi masu suna, waɗanda ake kira mambobi) bayani guda a samansa, sannan ya bar mambobin da ke ciki haka nan, a ganinsa sunayensu sun wadatar. A ɗauki enum na matsayin saƙo mai mambobi uku: ANA_JIRA, AN_AIKA da YA_GAZA. Shin AN_AIKA na nufin saƙon ya bar na'urar mai aikawa ne, ko ya isa ga wanda aka aika wa? Wanda ya gaji aikin ba zai sani ba sai ya bi diddigin duk inda aka yi amfani da mamban. Rubuta "an aika saƙo" a gefensa ma bai ƙara komai ba, domin maimaita suna ne kawai. Abin da ya kamata a rubuta shi ne lokacin da ake shiga matsayin, da abin da zai iya biyo bayansa, da kuma ko ana sake gwada aikawa bayan YA_GAZA.

Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne ajiye bayanin inda manhajar tattara bayanai ba ta dubawa. Javadoc, manhajar tattara bayanai ta harshen Java, yana karanta sharhin da ya fara da /** ne idan ya gabaci mamban. A Doxygen kuwa, wata manhajar irin wannan, sharhin da ke bayan mamba a layi ɗaya sai an fara shi da alama irin ///<, kuma idan aka manta da alamar < ɗin, bayanin zai manne wa mamba na gaba, wanda a ganina ya fi rashin bayani muni. A Python, inda enum ya shigo da sigar 3.4 a 2014, rubutun da aka sa a ƙarƙashin mamba ba ya zama __doc__ ɗinsa, wato inda Python ke ajiye bayanin abu. Masu amfani da Sphinx, manhajar tattara bayanai ta Python, sukan sa sharhi mai farawa da #: a samansa.

Ana kuma yawan yin shiru game da lambobi. A C#, enum da ba a ba shi ƙima ba yana ɗaukar 0, don haka dole bayani ya faɗi ko mamban da ke riƙe da 0 matsayi ne na gaske ko "ba a sani ba" yake nufi. Idan ana adana ordinal() na Java, wato lambar gurbin mamba a jerin, a rumbun bayanai, a rubuta gargaɗi ƙarara cewa sauya jerin mambobin zai sauya ma'anar tsofaffin bayanai. Mamban da aka daina amfani da shi kuma a sa masa @Deprecated, a ambaci sunan wanda ya maye gurbinsa.